RA'AYINMU: Wasan Riƙon Kulob Na Kwamfuta Bai San Filayenmu Ba

Duk wanda ya zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai bayan sallar isha'i zai tarar da samari sun duƙufa a kan wayoyinsu da kwamfutocinsu suna riƙon kulob. Wato wasan nan ne da mutum zai zama mai horar da 'yan ƙwallo, ya sayi ɗan wasa, ya sayar da wani, ya tsara yadda za su tsaya a fili, sa'an nan kwamfuta ta buga wasan ta faɗa masa ko dabararsa ta ci. Ba mu ga aibu a ciki ba, muddin bai cinye lokacin karatu ba, domin wasa ne na lissafi da haƙuri.

Abin ya daɗe. A 1992 wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Paul da Oliver Collyer, suka fito da Championship Manager, wanda kamfaninsu, Sports Interactive, ya ci gaba da yi da sunan Football Manager tun daga 2004. A 1997 aka kafa Hattrick a Suwidin, inda mutane ke karawa da juna ta intanet, kuma a 2010 kamfanin Nordeus na Sabiya ya fito da Top Eleven. Masu waɗannan wasanni ba sa gajiya da gyare-gyare. Sports Interactive har fasa fitar da wasan 2025 ya yi don bai gamsu da shi ba, sai a watan Nuwamba na shekarar ya fito da sabo mai kyawun hoto, har da ƙwallon mata a ciki.

Madalla. Amma gyaran da ya dame mu daban ne. Shekara da shekaru, Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka da mutum ke iya riƙe kulob a gasarta cikin Football Manager ba tare da ya nemo ƙarin bayanan da masoya wasan suka haɗa da kansu ba. Ɗalibin da ya tashi a Cheberu, a ƙasar Gwandu, ya zo karatu Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, zai iya riƙe ƙaramin kulob na wani lungu a Ingila, ya san sunan mai tsaron gidansu na uku, alhali Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, sai ya sha wahala kafin ya kai gare ta. Kebbi United kuwa ba a ma maganarta.

Ko da an sa sunayen kulob-kulob ɗinmu, aikin bai ƙare ba, domin ƙwallonmu tana da halinta. Mai horarwa a nan yana fama da doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Aba, 'yan wasa su sauka ƙafafu a kumbure. Yana fama da zafin bazara da ƙurar hunturu, da wasa cikin azumi, da albashin da ke makalewa saboda yawancin kulob-kulob na gwamnatocin jihohi ne. Wasan da bai lissafa waɗannan ba, ƙwallon Turai ce kawai aka sa wa rigar Nijeriya. Haka kuma ya kamata masu wasannin su tuna da tsadar data da ɗaukewar wuta, su rage dabarar sayar da 'yan kwabban cikin wasa, wadda ke sa mai kuɗi ya sha gaban mai basira. Wannan muna ganinta a fili kowace rana, ba ma bukatarta a waya.

Wani zai ce, duk wannan a kan wasa? To, ga abin lura. Bayanan 'yan ƙwallon da ke cikin Football Manager masu bincike ne ke tattara su ƙasa-ƙasa, akasarinsu 'yan sa kai masu zuwa kallo da littafi a hannu. Ingancin bayanan ya kai har kulob ɗin Everton ya ƙulla yarjejeniya a 2008 don ya riƙa duba su wajen neman 'yan wasa. Ashe ke nan yaron da sunansa ya shiga wannan rumbu ya sami wata ƙofa, wanda bai shiga ba kuwa, kome gwanintarsa a filin makarantar firamaren garinsu, duniya ba ta da labarinsa.

Saboda haka ba kamfanonin kaɗai muke kira ba. Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun kwamfuta da ƙididdiga, da ku matasan ma'aikata na ma'aikatar wasanni, wannan aiki naku ne. Filin wasa na Haliru Abdu yana nan Birnin Kebbi, ga gasannin unguwanni da na ƙauyuka da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. A je da littafi, a rubuta sunan kowane ɗan wasa, da lambar da yake bugawa, da ƙafar da ya fi amfani da ita, da ƙwallayen da ya ci, da shekarunsa na gaskiya, ba na takardar rantsuwa ba. Football Manager yana da manhajar gyaran bayanai wadda duk mai wasan ke iya amfani da ita, kuma zango guda na karatu ya isa a harhaɗa kulob-kulob ɗin Kebbi da Sakkwato da Zamfara a ciki, a raba wa duk mai so kyauta.