Kafin ka ƙara wa rubutunka layi na huɗu, tsaya ka ji abin da ya same ni

Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ita ce yadda ake zagaye rubutu ko tambari da layi sama da ɗaya, wato ka ga suna da farin layi a gefensa, sai baƙi, sai ja, kamar na fastar fim. Zan nuna muku yadda ake yi, don ba wani abu ne mai wahala ba. Amma ra'ayina shi ne yawancinmu ba koyon ƙara layi muke buƙata ba, koyon inda za mu tsaya muke buƙata. Kuma ba a littafi na karanta ba, da kuɗina na saya.

Ni gyaran waya nake yi a nan wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Lokacin da na bar wurin maigidana na kama ɗan shagona, sai na ce ai ni ma na iya PixelLab, ba sai na biya kowa ya yi min zanen allon shago ba. Na zauna da daddare na rubuta sunan shagon da ruwan ɗorawa, na zagaye shi da baƙi, na ƙara fari, na ƙara ja, na ƙara shuɗi, na rufe da wani baƙin. Layi biyar. Har da inuwa a ƙasa. Wallahi a sikirin ɗin waya ya yi kyau, duk abokin da na nuna wa sai ya ce kai, kamar ɗan Legas ne ya yi. Na kai aka buga min a fileks, abin da ya ci min kusan ribar kwana uku, muka kafa a saman ƙofa.

Kwana biyu sai wata baiwar Allah ta kira ni, an ba ta lambata za ta kawo wayar da ta daina caji. Ta ce tana cikin adaidaita sahu, sun wuce sun dawo sau biyu ba su ga shagon ba. Na fito na tsallaka titi don in ɗaga musu hannu. Da na juyo na kalli allon nawa daga can, sai jikina ya yi sanyi. Ba rubutu nake gani ba, wani dunƙulen kaloli ne kawai. Cikin a da o da e duk ya toshe, haruffan sun manne da juna. Lambar wayar kuwa ba ka bambance 3 da 8, ko 6 da 0. Ni da na rubuta abin da hannuna sai da na ƙura ido.

To bari in fara ba ku hanyar, sannan mu koma kan maganar.

A PixelLab ka rubuta abin da kake so, ka zaɓi salon haruffa da kala, ka kai shi girman da kake so tun yanzu. Sai ka shiga inda aka rubuta Stroke ka kunna, ka ba shi kala da kauri kaɗan. Wannan shi ne layin farko. Manhajar layi ɗaya take bayarwa a kan rubutu ɗaya, don haka dabarar ita ce ka kwafi rubutun, a kan kwafin ka ƙara kaurin layin ya fi na farko, ka canza masa kala, sannan ka tura shi baya. Kar ka ce da yatsa za ka daidaita su, ba za su taɓa zama daidai ba. Ka shiga Relative position ka sa kowannensu a tsakiya, a tsaye da a kwance, za su hau kan juna cif. Kana son na uku? Ka sake kwafa, ka ƙara kauri, ka tura can bayan duka. Shi ke nan.

Akwai masu ajiye rubutun a matsayin hoton PNG marar bango, su sake shigo da shi su zagaye shi, su sake ajiyewa, su sake shigowa. Yana yi, amma ni ba na so. Da zarar ya zama hoto ba ka iya gyara harafi ko ɗaya, kuma duk zagaye gefen yana ƙara yin kaushi. Sai dai a tambari, nan dole ne. Kuma tambarin sai ya zama ba shi da bango, in ba haka ba layin zai zagaye murabba'in hoton ne, ba siffar tambarin ba. In farin bango ne da shi, ka cire shi da Erase color tukuna.

Masu kwamfuta su an sauƙaƙa musu. Tun Photoshop na 2015 akwai alamar ƙari a gefen Stroke, kana iya jera layi har goma a kan rubutu ɗaya, siririn a sama, mai kaurin a ƙasa. A CorelDRAW kuma, wanda yawancin masu buga fileks da na sani suke aiki da shi, Contour ne yake yin wannan aikin, ka faɗa masa layi nawa kake so ya jera maka.

Layi goma fa. Don an ba ka dama ba shi ne an ce ka yi ba.

Ka tambayi kanka, mene ne aikin layin nan tun asali? Raba rubutu da abin da yake bayansa. In ka ɗora farin rubutu a kan hoton da yake da wuri mai haske da wuri mai duhu, rabin rubutun zai ɓace, sai baƙin layi ya ceto shi. Wannan aiki ne na gaske. Layi na biyu shi ma yana da hujja: baƙin ya riƙe harafin, farin da yake bayansa ya raba shi da bango mai duhu, ta yadda duk inda ka ɗora tambarin zai fito. Daga na uku zuwa sama kwalliya ce zalla, kuma kwalliyar da take cin wuri. Kowane layi da ka ƙara ba waje kawai yake faɗaɗa ba, yana shiga cikin ramin harafin, yana cinye tazarar da take tsakanin harafi da harafi. Ido kuwa da wannan ramin da wannan tazarar yake gane harafi daga nesa.

A sana'ata ina ganin irin wannan kullum. Mutum zai zo ya ce taci ya daina ji, in duba in ga ya liƙa gilas a kan wani tsohon gilas, wai don kar sikirin ya fashe. Kariya ce ta yi yawa har ta hana wayar aikinta. Haka layin nan yake yi wa rubutu.

Sai kuma matsalar da mu Hausawa ce tamu, wadda masu koyarwa a YouTube daga Indiya ko Indonisiya ba za su taɓa faɗa maka ba, don babu ita a yarensu. Haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ. Duba adireshina kawai, Ƙofar Ɗan Agundi, biyu ne a ciki. Maƙwabtanmu Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa, gaba kaɗan Gadon Ƙaya, can kuma Ɗorayi. Da yawa daga cikin masu kasuwanci a cikin birni adireshinsu da Ƙ yake farawa. Wannan 'yar lanƙwasar a saman harafi ƙarama ce, ita ce abu na farko da layi mai kauri yake haɗiyewa. Ka sa layi uku, ƙ ta koma k mai ƙaton kai. Kuma ma'ana tana canzawa. Ƙaya daban, kaya daban. Ƙasa daban, kasa daban. Ka rubuta a tallarka cewa ba ka ƙarya, layi ya cinye lanƙwasa, ya koma wata magana.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Yawancin salon haruffan kwalliya da muke saukewa kyauta ba su da waɗannan haruffan kwata-kwata. Ka buga Ƙ da Gboard na Hausa, sai wayar ta aro ta daga wani salon daban ta cusa, ko ta bar maka akwati. In rubutun ba shi da layi, wani ba zai lura ba. Amma kana zagaye shi da kala uku ka yi wa kuskuren fitila, Ƙ siririya a gaba, sauran haruffan masu ƙiba a baya. Shi ya sa da yawa suke haƙura su rubuta K da D kawai. Ni dai ban ga dalilin da za mu lalata sunan unguwarmu don kwalliya ba. Noto Sans yana da su, har mai kaurinsa, haka Andika da Charis SIL, duka kyauta ne. Ka sauke, ka shigar da shi ta My fonts. Kafin ka fara kowane aiki ka gwada rubuta ƙ ɗ ɓ da manyansu a salon da ka zaɓa, in ba su fito daidai da 'yan uwansu ba, ka canza tun kafin ka ɓata lokaci.

Na san abin da wasu za su ce, musamman ku masu yi wa mutane zane a biya ku. Za ku ce kwastoma ne yake so. Gaskiya ne. Ka kai wa Alhaji zane mai tsabta, rubutu fari a kan shuɗi, sai ya ce wannan ai ba ka yi aiki ba, a ƙara masa kwalliya. A wurinsa yawan kala shi ne shaidar kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ban ce ka yi masa gardama ba. Ka yi masa guda biyu, ka buɗe kowanne a waya, ka jingina ta a kan kanta, ku ja da baya har bakin ƙofa, ka ce Alhaji karanta min lambar. Ba sai ka ƙara magana ba. Ai ba kala ya zo saya ba, so yake a kira shi.

Kuma ban ce layi uku haramun ne ba. Kalma ɗaya ko biyu, manya, a kan hoto mai hayaniya, kamar barka da Sallah, ko sunan ango da amarya, ko sunan ƙungiyar ƙwallon unguwa, nan layi uku yana zama da kyau, ni ma ina yi. Sharaɗin shi ne harafin ya zama mai kauri, ka buɗa tazarar haruffan kaɗan kafin ka fara, kuma kalolin su riƙa saɓawa, haske sai duhu sai haske. Ja a jikin shuɗi, ko kore a jikin ja, ido yake sa wa ciwo, daga nesa kuma su cakuɗe su zama kalar laka. Kaurin duka layukan in ka haɗa kar ya kai kaurin jikin harafin. Inda ba na yarda ko kaɗan shi ne lambar waya, adireshi, farashi da lambar asusu. Waɗannan ko dai babu layi, ko siriri ɗaya. Lamba ɗaya ta rikice a asusu, kuɗi sun tafi wurin wani.

Ke ma 'yar uwa mai sayar da turaren wuta ko kayan yara daga gida, maganar nan ta fi shafarki. Ba ki da allo a bakin titi, sitatus ɗin WhatsApp shi ne shagonki. Mai kallo daƙiƙa biyu zai ba ki kafin ya danna gaba, wataƙila ma a wayar da sikirinta ya tsage, a cikin rana. Ga shi WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, kuma siraran layukan nan masu kala daban-daban su ne suke fara dagulewa. Tambarin da kika sa a hoton fuskar lambarki kuma bai fi girman farce ba a jerin hira. In yaro ya yi miki tambari, ki rage shi ya koma kamar farcen babban yatsa ki gani. In ba a gane shi a haka, bai gama aiki ba.

Ga masu kai wa a buga kuma, abu biyu. Masu yin alluna suna da wani ƙiyasi, kowane inci ɗaya na tsayin harafi ana karanta shi da kyau daga nisan ƙafa goma. Ka auna daga allonka zuwa inda adaidaita take wucewa, ka san girman da kake buƙata, kuma jikin harafin ake nufi, ba da layukan ba. Na biyu, kalar sikirin haske ce, ta fileks tawada ce. Koren nan mai walƙiya da yake burge ka a waya ba haka zai fito ba, zai dushe. Ka ƙara masa ranar Kano da ƙurar hunturu na wata shida, layukan da suke kusa da juna a kala duk su zama abu ɗaya. In za ka tura wa mai bugawa, ka ajiye a mafi girman inganci, ka tura a matsayin dokumen, ba hoto ba. Ka kuma ajiye aikin a cikin manhajar yadda za ka iya buɗewa ka gyara, don za ka buƙata.

Ni da na sake nawa, fari na yi a kan shuɗi mai duhu, siririn baƙin layi ɗaya a sunan shagon, lambar waya babu komai a jikinta, Ƙ da Ɗ kowacce da lanƙwasarta. Abokaina sun ce na farkon ya fi kyau, har yanzu suna faɗa. Amma tun daga lokacin ba wanda ya sake kira na ya ce ya wuce. Tsohon fileks ɗin yana nan bayan shago, da shi nake rufe janareta in hadari ya taso.