Kwanon Tsabar Tsuntsaye: A Wane Tsayi Za A Ɗora Shi?



Da yawanmu mun taso a gidajen da ake watsa wa tsuntsaye tsaba da safe. Uwargida ta gama tankaɗe, ta kaɗe tsakin a gefen tsakar gida, kurciyoyi su sauko su tsince. Wasu kuma da niyya suke yi, su ware ɗan gero ko dawa a matsayin sadaka, domin malamai sun sha gaya mana akwai lada a ciyar da duk abu mai rai. Al'adar ta biyo mu har Agege da Sabo ta Ibadan da Fatakwal da unguwannin Abuja. Abin da bai biyo mu ba shi ne faffaɗan filin nan na gida. A can tsabar na faɗuwa nesa da ɗaki, kaji su share ragowar kafin azahar. A nan kuwa tsakar gidan taku biyar ne, kwata na gefe, ɗakin girki na gefe, ga yara suna rarrafe a kan simintin da aka watsa tsabar. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau a ɗaga abincin daga ƙasa, a zuba shi a kwano ko tire. Tambayar ita ce a ina za a ɗora shi, kuma a wane tsayi.

Amsar a taƙaice: tsakanin ƙafa 5 zuwa 6 daga ƙasa, wato mita 1.5 zuwa 1.8. Idan babu abin awo a kusa, ki duba daidai kafaɗarki zuwa saman kanki. Wannan awo yana da dalili ta ƙasa, yana da dalili ta sama, kuma na ƙasan ya fi nauyi.

Mu fara da ɓera, don shi ne ya sa maganar tsuntsaye ta shigo shafin lafiya. Tsabar da ta kwana a ƙasa gayyata ce ga ɓera, kuma wanda ya samu abinci a tsakar gida ba zai daɗe ba zai gano hanyar sito da kicin. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayarsa. Shi ɓeran ba ya jin komai, amma fitsarinsa da kashinsa na gurɓata abinci da kwanuka. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba da Ebonyi na cikin waɗanda cutar ta fi addaba, kuma ta fi tsananta da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ɓeraye ke matsowa gidaje neman abinci. Lokacin nan ne kuma tausayin tsuntsaye ya fi kama mu mu zuba musu tsaba. Cutar ta fi muni ga mai tsohon ciki, wasu kuma da suka warke sukan tashi da raunin ji. Ba ina cewa duk ɓeran da ke gidanki yana ɗauke da Lassa ba ne, amma ba za ki iya bambance su da ido cikin dare ba, don haka kada ki ciyar da ko ɗaya.

Babban ɓeran kwata yana iya tsalle sama da rabin mita daga tsaye, don haka kwanon da aka ɗora a kan bulo ko kujerar tsugunno daidai yake da wanda aka ajiye a ƙasa. Tsayi kaɗai ma bai isa ba, domin ɓera gwanin hawa ne. Yana hawa katangar da ba a yi wa shafe ba, yana hawa turken katako, yana bin igiyar shanya da wayar lantarki. Abin da ke ba shi wahala shi ne bututun ƙarfe mai santsi. Maigida, ka samu mai walda ya yanko maka fayif mai tsawon ƙafa 7, a binne ƙafa ɗaya a ƙasa, a liƙa tire a samansa. Sannan a samo tsohuwar roba mai faɗi ko daro, a huda tsakiyarsa, a kifa shi a jikin fayif ɗin ƙasa da tiren kaɗan. Duk abin da ya hawo zai ci karo da rufi a kansa ya koma. Wannan dabara tana hana ƙadangare ma, wanda shi ma ba ya raina tsaki.

Sai kyanwa. Lafiyayyar kyanwa tana iya dira sama har kusan ƙafa 5, shi ya sa na fi son a kusanci ƙafa 6 a gidan da maguna ke yawo. Amma yawanci kyanwa ba daga ƙasa take kama tsuntsu ba, laɓewa take yi. Katanga, rufin ɗakin janareta, tankin ruwa, tulin katako, duk matakala ce gare ta. A bar tazarar kamar mita 3 tsakanin tiren da irin waɗannan wurare idan fili ya ba da dama. Kada kuma a kai shi tsakiyar fili fetal inda babu bishiya ko kaɗan a kusa, domin ƙananan tsuntsaye suna son wurin da za su faɗa idan shaho ya kawo farmaki.

Dalili na uku yara ne, kuma a wurina ya fi na kyanwa muhimmanci. Yaro ɗan shekara 3 tsayinsa bai cika mita ɗaya ba, ko ya miƙa hannu ba zai kai ƙafa 5 ba. Inda tsuntsaye ke taruwa suna ci, a nan suke kashi, kuma kashin tsuntsu na iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Yaro ya taɓa tire ya kai hannu baki, shi ke nan. A ɗora shi inda zai gani ya ji daɗi, amma hannunsa ba zai kai ba. A kuma lura da ƙasan tiren, domin nan ɓawo da kashi ke zuba. Kada ya zama a saman inda ake shanya garin tuwo ko barkono ko kuɓewa, ko kusa da bakin rijiya da duron ruwa.

To me zai hana a kai shi can sama gaba ɗaya, a rataye a reshen mangwaro ko a kan rufi? Abin da hannu ba ya kaiwa ba a wanke shi. Kwanon da sai an taka kujera ko tsani kafin a sauko da shi, sati biyu za a yi ana ƙoƙari, daga nan a riƙa watsa tsaba daga ƙasa a kan tsohuwar da ta jiƙe. Ko kuma a tura yaro ya hau, wata rana ya faɗo. Rufi kuwa ban yarda da shi ba sam a gidan da ake tarar ruwan sama, saboda duk abin da tsuntsayen suka bari a kan kwano, ruwan farko zai wanko shi cikin duro.

Wanki yana da muhimmanci musamman ga mazauna kudu, inda damina ke da tsawo, iska kuma ke da laima. Tsabar da za ta yi wata a Kano ba ta canza ba, a Legas ko Warri kwana kaɗan take yi ta yi fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da gubar da ake kira aflatoksin mai lalata hanta. Ta hanyar tsuntsaye ma aka gano ta: a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗar da ta gurɓace. Saboda haka hatsin da ya yi fumfuna har kika ƙi dafa shi, ba sadaka ba ne ki ba tsuntsu. A huda ƙasan tiren ƙananan ramuka don ruwa ya tsiyaye, a yi masa ɗan rufi idan da hali. A wanke shi duk mako da sabulu, a jiƙa shi a ruwan bilic, kashi 1 na bilic cikin kashi 9 na ruwa, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. Soso da bokitin wannan aiki daban, kada su haɗu da na kwanukan abinci.

Akwai wani abu da masu lura za su ce, kuma gaskiyarsu ne. Kurciya da hasbiya da baiwar Allah a ƙasa suka saba kiwo, ba a sama ba. Idan aka rataya musu ƙaramin gwangwani mai lilo ba za su zo ba. Maganin shi ne tire mai faɗi wanda ba ya motsi, kamar faɗin babban faifai, mai ɗan baki da za su dafa. Sukan yi kwanaki suna kallo daga kan katanga kafin su yarda, sai a yi haƙuri. Wanda kuma ya ce shi dai a ƙasa zai zuba kamar yadda ya ga iyayensa na yi, to ya zuba da sassafe, cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da za su cinye kafin hantsi, a share wurin kafin magariba. Tsuntsayen nan da rana suke ci, ɓera da dare, don haka duk abin da ya kai dare a wurin rabon ɓera ne. Wannan ƙa'ida ta shafi tiren sama ma.

Mazauna bene da gidajen haya, ku tuna da na ƙasa da ku. Kwanon da aka ɗaure a ƙarfen baranda yana zubar da ɓawo da kashi a kan shanyar maƙwabta, kuma mun san yadda ƙaramin abu irin wannan ke zama rigima a gidan haya. A sa shi ta cikin baranda, a shimfiɗa buhu a ƙasansa. Idan gidan mai manyan tagogin gilashi ne, a sa kwanon dab da tagar, ƙasa da mita ɗaya, ko kuma nesa da ita sosai. Tsaka-tsakin nan ne ke sa tsuntsun da ya firgita ya taso da gudu ya daki gilashi.

Mai kiwon kaji ko tantabaru yana da ƙarin hattara. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, kuma tun daga lokacin takan dawo jefi-jefi. Kada tsuntsayen waje su haɗa kwanon ci ko na sha da kajinka, kada kuma tiren ya kasance a saman akurki. Idan kiwon naka na sayarwa ne, shawarata ka haƙura da ciyar da na waje a cikin gidan. In aka tsinci mataccen tsuntsu, kada a ɗauka da hannu tsirara, a sa leda a hannu, a binne shi, a wanke hannu da sabulu. In suka mutu da yawa a lokaci guda, a sauke tiren na mako biyu, a sanar da likitan dabbobi.

Busasshen kashin tsuntsu, musamman na tantabara, kada a share shi a bushe, domin ƙurarsa na iya kai cuta huhu. A yayyafa ruwa tukuna. Mai ciki, mai asma, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, a ɗauke musu wannan aiki.

Ruwan sha kuwa, da zafin Maris da Afrilu tsuntsaye sun fi buƙatarsa a kan tsaba. A ɗora shi a tsayi ɗaya da tiren, cikin kwano marar zurfi, kamar gaɓar yatsa biyu, a sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. Sauro yana buƙatar kamar mako guda zuwa kwana 10 daga ƙwai zuwa mai fiffike, don haka a zubar da ruwan kullum, a goge kwanon, a zuba sabo.