Maganin Faifai da Ƙodar Talaka

Ya ku jama'ar ƙasar Bagudo, 'yan kasuwa da masunta da manoman shinkafa! Muna tambaya, a ba mu amsa: wa ya halatta a kasa magani a faifai kamar gyaɗa? Ku je Tsamiya, bakin iyakar Binin, ku je Lolo ko Kaoje ran kasuwa. Ga diclofenac, ga ibuprofen, rana na dukansu. Mai tallan bai iya karanta kwalin ba, balle in da Faransanci aka rubuta shi.

To, ga inda ɓarnar take. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin manya 100 wajen 8 suna ɗauke da ciwon hanta mai suna B. Shekaru yake yi yana cin mutum a ɓoye, har hanta ta ƙandare, ciki ya cika da ruwa, ido ya yi shawara. A wannan hali jinin da ke isa ƙoda ya riga ya ragu, waɗannan ƙwayoyi kuwa ƙara tsuke hanyarsa suke yi. Bawan Allah ya sha don ciwon jiki, sai fitsari ya ɗauke, a ce sammu ne. Ba sammu ba ne, sakaci ne!

Haka yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura da sankarar kaluluwa, wadda likita Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Ƙasar sauro take bi, irin tamu ta bakin Kwara. Tana jin magani ƙwarai, amma in ta soma narkewa dattinta kan toshe ƙoda, sai ana auna jini ana ƙarin ruwa. A ina talaka zai auna?

In ƙoda ta tsaya, wanki sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, sau biyu ko uku kowane mako. Buhu nawa na shinkafa ke nan, ban da kuɗin mota? Su manya, in kansu ya sara, sai jirgin Masar.

Tun 2004 aka sa rigakafin ciwon hanta cikin alluran jarirai, ta fari kuwa ran haihuwa ake so a yi ta. Muna neman hukuma ta kai ta har gidan da aka haihu, ta ajiye awon hanta da na ƙoda a asibitin kowace gunduma, ta kuma kwashe magani daga faifai. Kafin nan, jama'a, duk mai kumburin ciki kada a saya masa waɗannan ƙwayoyi, ko da ya roƙa.