Daga Kan Tabarma: Gajeren Gashi da Iskar Hunturu

Hunturu dai ya sauka Dakoro da ƙarfinsa, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, gashi kuwa ya bushe kamar tattaka. Zancen gashin za mu yi yau, domin saura kaɗan ya sa wata ƴar ƙungiyarmu cin bashin da ba ta da buƙatarsa.

Mako shida ke nan, bayan an gama zubi an ƙirga kuɗi, shugaba ta tambaya ko akwai mai son rance. Wata ƙanwarmu mai tuyar ƙosai ta ce jika biyar take so. Aka ce na mi? Ta yi shiru, can sai ta zame kallabi. Gashin nan nata da muka sani har wuya, babu shi. Ashe lokacin bikin ƙanenta ta shafa man miƙar da gashi, ta bar shi ya daɗe a kai. Tun daga nan gashin yake karyewa yana bin mashaci, har ta gaji ta sa aka datse shi da almakashi, ya rage bai wuce gaɓa biyu na yatsa ba.

Ta ce, "Yaya, in anka yi mini kitso ba ya kai kwana ukku, sai ya tashi buzu-buzu. So nike in sayi meshi da man kanti in rufe abin, tun maigida bai fara magana ba."

Wata dattijuwa a cikinmu, wadda ta tsufa tana kitso, ta ce, "Ɗiyata, jika biyar ai uwar kuɗin ƙosanki ce. Ba mu wata guda. In bai kwanta ba, ni da kaina zan tsaya miki ki ɗauka." Ga abin da muka yi, mun kawo shi nan don mun san ba ita kaɗai ba ce.

Sai mun fara sanin abin da ke tayar da gashi. Kowane silin gashi yana da ɓawo a jikinsa, jere kamar na kifi. In gashin na da laima, ɓawon kwance yake, sili ya bi sili. In ya bushe sai ɓawon ya buɗe, kowane sili ya kama gabansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke taso mana daga arewa ba ta da laima ko kaɗan, ga ƙura. Gajeren gashi kuma ba shi da tsawon da kitso zai riƙe, shi ya sa bakinsa ke saurin fitowa.

Abu na farko, wanki. Mun hana ta sabulun wanki da garin sabulu, domin kaifinsu yana kwashe maiƙon kai gaba ɗaya. Ta koma garin ganyen magarya, ta kwaɓa da ruwan ɗumi ta wanke, sau ɗaya kafin kowane kitso. Bayansa sai karkashi, wannan dai na miya. A jiƙa busasshen ganyen cikin ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace, a shafe kai da shi. Yauƙin ne ke sa mashaci ya wuce ba tare da ya tsinka gashi ba. A fara da yatsu, sannan mashaci mai manyan haƙora, daga bakin gashi a gangara zuwa tushe. Kada a taɓa shace shi a bushe.

Na biyu, kuma nan ne yawancinmu muke kuskure: ruwa kafin mai. Mai ba ya jiƙa gashi, aikinsa ya tsare ruwan da ke ciki kada iska ta kwashe. Wadda ta lafta mai a busasshen kai, ƙura kawai ta gayyato. A tsane kai da tsohon zane mai laushi, dannawa ake yi, ban da gurzawa. Tun da sauran danshi sai a murza mai a tafin hannu ya narke, a bi gashin kashi-kashi. Man kaɗanya ya fi, amma daga kudu yake zuwa, yana da ɗan tsada. Man shanun da muke saye wajen Fulani ranar kasuwa yana yi, in an soya shi don kada ya yi wari. Man gyaɗa ma yana yi. Kamar ƙwayar gyaɗa biyu ya ishi gajeren gashi.

Na uku, kitson kansa. Dattijuwar ta ƙi yi mata shuku, ta ce gashin bai kai a tattara shi tsakiyar kai ba sai da ja. Ta yi mata ƙananan zane, gajeru, tana bin inda gashin yake kwanciya da kansa. Ƴan gashin gaban goshi kuwa ta bar su, ta kwantar da su da yauƙin karkashi. Mu riƙe wannan da kyau. Muna cewa kitso sai da zafi yake kyau, alhali kitson da ya hana ki barci, ko ya fito miki da ƙuraje a bakin goshi, ko kika kasa sa goshi ƙasa wajen sujada, cire gashi yake daga tushe. In aka daɗe ana haka, goshi ya yi ta ja da baya, wani wurin ba ya sake tsirowa. Meshi mai nauyi a kan gashin da bai warke ba, hanyar ke nan. Ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, kanki ne.

Na huɗu, kwanciya. Kallabin atamfa da hular sanyi ta ulu suna shanye mai, suna kuma kama bakin gashi su fizgo shi cikin dare. Ta je wajen tela ta roƙi ƙyallen shafi, irin mai santsin nan da ake sa wa cikin riga. Shi take fara ɗaurawa, sannan kallabi ko hula a bisa. Da safe ta jiƙa hannu, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, ta ɗan taɓa mai, ta ɗaure kafin ta hura wuta. Kafin ta gama tuya ya kwanta.

Wata ta yi tambayar da ke zuciyar duk mai aure: to wankan wajibi fa? Abin da muka koya a makarantar islamiyya shi ne ba sai an tsefe kitso ba, muddin ruwa yana ratsawa ya kai fatar kai. Kitso mai sauƙi ya fi ba ruwa hanya. Bayan wanka a danna da zane, a shafa ɗan mai, kada a rufe kai yana ɗiga.

Yanzu mu yi lissafi, tunda mu mutanen akwati ne. A ce kitso dala ɗari ne. Mai yi kowane mako ta kashe jika biyu a wata. Wadda nata ke kai mako biyu, jika guda ta rage mata, zubin mako huɗu ke nan ga mai zuba dala hamsin. Tun 1991 da CARE ta fara tafiyar Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, abin da iyayenmu suka gina ta a kai ke nan: ƙaramin abin da ke hannu, a riƙe shi da dubara.

Kitson ƙanwarmu na farko ya yi kwana tara, na biyu ya kai goma sha shida. Gashi ba ya gaggawa, wajen santimita guda yake ƙaruwa a wata, saboda haka ba mu yi mata alkawarin zai kai wuya kafin Salla ba. Amma ya daina bin mashaci. Makon jiya ta sake ɗaga hannu ta nemi jika biyar, wannan karon na wake da man tuya, aka ba ta ana dariya.

Wadda ta ga gashinta na zubewa wuri guda kamar an aske, ko makero, ko ƙuraje masu ruwa, wannan ya wuce karkashi, ta tafi likita. Ƴan uwanmu na Kornaka da Birnin Lalle, in kuna da wata dubarar da ta fi tamu, ku ba magatakardar ƙungiyarku ta aiko mana. Allah Ya sa albarka a zubinmu, sai fitowa ta gaba.