Sharhi: Tsadar bizar H-1B da makomar ɗaukar ma'aikata a kamfanonin fasaha na Amurka

Tun daga shekarar 1990 da Amurka ta ƙirƙiro bizar aiki ta H-1B, ta kasance babbar ƙofar da kamfanonin fasaha ke shigo da ƙwararru daga ƙetare. Doka ta ƙayyade guraben 65,000 a kowace shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu ko sama da haka daga jami'o'in ƙasar. Da yake masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, ƙuri'a ce ke raba gardama.

Alƙaluman hukumar shige da fice ta USCIS sun nuna an yi rajista kusan 780,000 domin shekarar kasafi ta 2024. Adadin ya ragu zuwa kusan 480,000 a shekarar da ta biyo baya, bayan an toshe kafar da wasu kamfanoni ke bi suna shigar da sunan mutum ɗaya sau da yawa. A 2025 kuma kuɗin rajista ya tashi daga dala 10 zuwa dala 215.

Babbar girgiza ta zo ne a ranar 19 ga Satumba, 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan umarnin biyan dala 100,000 ga kowace sabuwar buƙatar ɗauko ma'aikaci daga wajen ƙasar. Gwamnatinsa ta ce manufar ita ce kare ayyukan Amurkawa. Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Amurka kuwa ta garzaya kotu.

Kamfani ne ke biyan kuɗin, shi ya sa nauyin bai zama ɗaya ba. Manya irin su Amazon da Microsoft za su iya jurewa, ko su mayar da aikin ofisoshinsu na Indiya da Kanada. Ƙaramin kamfani mai tasowa kuwa sai dai ya haƙura. Indiya, wadda 'yan ƙasarta ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na bizar, ita ce ta fi jin jiki.

Ga injiniyoyi da masana kwamfuta na Najeriya, darasin a fili yake. Bisa umarnin na 2025, kuɗin bai shafi ɗalibin da ke cikin Amurka yake neman sauya matsayin bizarsa ba, amma wanda ke Legas ko Kano sai ya samu kamfanin da ya ga ƙwarewarsa ta cancanci dala 100,000 kafin ya taka ƙasar.