Ku bar wa kakanninmu fuskokinsu

Wani ɗalibina ya zo mini da salula yana murna, wai ya "gyara" hoton kakansa. An zuba wa tsohon launi, an goge tsagar kumatunsa, an haskaka fatarsa, har an sa shi murmushin da bai yi ba. Na tambaye shi ina takardar hoton ta asali. Ya ce tana can cikin adaka, ai ba ta da sauran amfani. Wannan ɓarna ce, ko da an raɗa mata suna ci gaba.

Masu wannan aiki suna cewa mutanen dā fuskarsu a murtuke take, hotunansu kuma ba rai. Ban yarda ba. Wanda ya tafi gidan mai hoto a Maraɗi ko Damagaram shekaru sittin da suka wuce ba wasa ya kai shi ba. Wanka ya yi, ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya biya kuɗin da ya ji a jikinsa, domin wataƙila ba zai sake zama gaban na'urar ba har ya mutu. Abin da yara ke kira ɗaure fuska, kamun kai ne: babba ba ya yashe haƙora gaban baƙo. Tsagar da aka goge kuwa, ita ce ke faɗin Bagobiri ne ko Bakatsine.

A dubi aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948. Da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma galibi ɗauka guda yake yi wa mutum. Labulensa na farko mayafin gadonsa ne. Yana ajiye agogo, alƙalami, tabarau da rediyo don wanda ba shi da su ya ara. Wasu na kiran wannan ƙarya. Ni buri nake gani, mutum yana nuna wanda yake fatan zama. Cikin fari da baƙi, zanen atamfa yakan shige cikin zanen labule, fuska kaɗai ta fito sarari, ido cikin ido. Zuba launi a nan, ka rushe abin da mai hoton ya tsara.

A 1991 an nuna hotunansa a New York ba tare da sunansa ba. A 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa, Grand Palais ta Paris ta buɗe masa zaurukanta. Mu ma a Yamai mun yi Philippe Koudjina, amma ɗalibai nawa suka san sunansa? Sai Turawa sun yaba namu kafin mu waiwaye shi?

Na sa yaron ya kawo mini takardar asalin. Gara ta ci gefe guda. A bayanta akwai hatimin mai hoton da rubutun ajami layi biyu, waɗanda salular ba ta ɗauka ba.