Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Daga Majalisar Birtaniya

Jama'a, an saba jin labarin Majalisar Birtaniya da hayaniya, 'yan gwamnati a gefe guda, 'yan hamayya a ɗaya gefen, kowa yana neman kā da abokin karawarsa. Amma akwai wata al'ada tasu da ba a cika ambata ba, wato ƙungiyoyin da wakilai daga jam'iyyu dabam-dabam kan kafa domin su bi diddigin al'amari guda. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da ikon kafa doka. Ƙarfinsu kawai shi ne kasancewar tilas a sami ɗan jam'iyyar gwamnati da ɗan babbar jam'iyyar hamayya cikin shugabanninsu.

Ɗaya daga cikinsu ita ce ta masu goyon bayan hawan keke. Kada mai karatu ya ɗauki maganar wasa, domin kuwa sufuri shi ne kan gaba wajen fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya a wannan ƙasa, ya zarce kashi ɗaya bisa huɗu. Duk tafiyar da aka yi da ƙafa ko bisa keke ragin hayaƙi ce, ragin cunkoso ce, kuma ƙarin lafiyar jiki.

A cikin 2012 jaridar The Times ta fara gangamin neman a kiyaye rayukan masu keke, bayan wata babbar mota ta banke ma'aikaciyarta a Landan. Sai ƙungiyar nan ta zauna sauraron shaidu a ƙarƙashin shugabanni biyu, Julian Huppert na jam'iyyar Liberal Democrat, wadda ke cikin gwamnatin gamin gambiza a lokacin, da Ian Austin na jam'iyyar Leba, wadda ke hamayya. A watan Afrilu na 2013 suka fito da rahoto. Suka nemi kashi 10 cikin 100 na tafiye-tafiye su zama bisa keke kafin 2025, su kai kashi 25 kafin 2050, alhali a sa'ilin kashi 2 ne kurum. Suka kuma nemi a riƙa kashe aƙalla Fam 10 a kan kowane mutum kowace shekara domin gyaran hanyoyi.

Amfanin wannan haɗin kai ya fito fili a 2015, sa'ad da aka shigar da wani sashe cikin dokar manyan ayyuka, wanda ya wajabta wa ministan sufuri ya tsara shirin bunƙasa hawan keke da tafiyar ƙafa a Ingila, ya kuma bayyana kuɗin da za a kashe. Huppert ya faɗi zaɓe a wannan shekara, amma dokar tana nan. Shirin farko ya fito a 2017. A 2022 aka gyara ƙa'idojin hanya, aka ɗora wa mai babbar mota alhaki fiye da mai ƙarama, aka kuma umarci direba ya bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke.

To, sai dai faɗa ba ita ce cikawa ba. Shekarar 2025 ta zo, rabon keke bai gusa daga wajen kashi 2 ba. A watan Maris na 2023 ma gwamnati ta zabtare kaso mai yawa daga kuɗin da aka keɓe. Nan ne dokar 2015 ta nuna haƙoranta, domin an kai ƙara, kuma a 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa wannan ragi ya saɓa wa doka.

Abin lura a nan shi ne, aikin sufuri ya fi gwamnati tsawon rai. Wanda ya aza harsashi ba lalle ne shi zai buɗe ba. In aikin na jam'iyya ɗaya ne, ranar da ta faɗi sai ya zama maraya. In kuwa masu mulki da masu hamayya suka sa hannu tare, aka rubuta cikin doka, aka faɗi kuɗinsa, to wanda ya so yin watsi da shi sai ya amsa tambaya gaban alƙali.

Mu ma mun ga irin haka a 2023, da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, gyaran da sai da amincewar kashi biyu bisa uku na wakilan Majalisar Tarayya da na majalisun jihohi yake tabbata. Saura wakilanmu su tuna da talakan da ke takawa da ƙafa, da ɗan makarantar da ke kutsawa da kekensa tsakanin tirela da tanka. Titi bai san jam'iyya ba, kuma motar da ta ƙwace ba ta tambayar wa mutum ya zaɓa.